Gadona da Asusun da Aka Ce Ban Isa Ba

Shekarun baya, lokacin da kowa a Daura ya koma masanin hannun jari, har mai shayin ƙofar gidanmu yana ba da shawara, aka raba mana gadon mahaifinmu. An sayar da gonarsa ta garin Babban Mutum, aka miƙo mini rabona. A lokacin ina koyarwa a firamare, maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku. Na ƙudurta a raina kuɗin nan ba za su narke a cefane ba.

Wata ƙawata ta ba ni labarin wani asusu da ke zuba kuɗi a sababbin kamfanoni. In sun tashi a ci riba mai tsoka, in sun faɗi a tashi a tutar babu. Abin da ya ja ni shi ne babu kuɗin ruwa a ciki, riba da asara ake rabawa. Na ci ado kamar mai zuwa biki, na hau mota sai Katsina.

Ma'aikacin ofishin ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ba na kowa ba ne. Ƙa'idarsa sai mai dukiyar da ko ya yi asara ba zai girgiza ba. Irinku ake karewa."

Ya nuna mini wani asusu mai tabbas, wanda ke biyan ruwa duk shekara. Na ce ba na cin ruwa.

"Malam," na ce, "ranar kasuwa mutum yakan zuba duk abin da ya mallaka a shanu, ciwo ya kwashe su a hanya, ba wanda ya tare shi. Ni don na shigo ofis mai fanka za a ce ban isa ba?"

Ya yi murmushi ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Haka na koma gida da adona da kuɗina, ina ta mita a mota har direba ya ƙara murya a rediyo.

Bayan nan na ji labarin wasu 'yan kasuwa a Baure da ke karɓar kuɗin mutane su sayi riɗi da kaka, su ajiye sai ya yi tsada, a raba abin da Allah ya bayar. Da na ce zan zuba nawa, yayana ya ce sam, ya kai ƙarata wurin kawunmu, wanda malami ne.

Kawu ya dube shi ya ce, "Kuɗinta ne, kuma hankalinta ƙalau. Shari'a ba ta ba ka ikon ɗaure mata hannu ba." Har na fara washe baki, sai ya juyo gare ni. "Ke kuma faɗa mini da bakinki: in suka tafi duka, wa zai biya wa yaran nan makaranta?"

Duk zafin kaina ban taɓa tambayar kaina haka ba. A zaunen nan na ware na makaranta gefe, sauran na kai Baure.

Shekarar farko farashi ya karye, danshi kuma ya shiga wasu buhuna. Abin da ya dawo mini bai kai abin da na sa ba. Na shiga madafa na yi kukana, da yara suka leƙo na ce albasa ce. Yayana kuwa buhun gero kawai ya aiko.

Ban janye ba. Shekarun da suka biyo baya, wata ta yi kyau, wata dama-dama. Da ribar riɗin nan na yi wa ɗakina rufin kwano, da ita babbar 'yata ta karanta aikin jinya. Asusun Katsina kuwa ban san yadda ya ƙare ba, ban ma bincika ba.

Yanzu ba na jin haushin ma'aikacin nan, na san akwai waɗanda ƙa'idar ta tsare wa mutunci. Amma in na tuna, shi ya auna aljihuna ya rufe ƙofa, Kawu kuwa tambaya ɗaya ya yi mini ya bar ni da zaɓina. Asarar da na yi ta yi ciwo, sai dai ban taɓa kwana ina zargin kowa ba, domin ni na zaɓa, ido a buɗe.