Cokali Ɗaya na Baba Ludayi

Baba Ludayi bai taɓa auna mai ba sai da ya tsufa. Kuku ne a ɗakin cin abincin ma'aikatan wata masaƙa, tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Tukunyar da yake girki da ita, mutum zai iya zama a ciki a rufe shi. Mai kuwa daga jarka yake tuttulawa, yana hira yana kallon wani wajen. In an yi magana ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Iliminsa na miya guda ɗaya ne: in mai ya taso ya kwanta ja a sama, ta nuna, in bai taso ba, da saura. Ya watsa dunƙule cike da hannu, ya juye tumatirin gwangwani, a buɗe taga ma'aikata su yi layi. Shi ba ya zama ya ci. Ɗanɗanon bakin ludayi ke ƙosar da shi a tsaye, daga nan sunan ya samo asali.

Ni maƙwabciyarsu ce, tela. Keken ɗinkina a baranda yake, daidai ƙofarsu, don haka ko ban so ba sai na gani. A gida matarsa ke girki, Gwaggo muke ce mata. Da yamma za ta ajiye kwano ɗaya a tsakaninsu ta naɗe hannu, shi kuma ya kai lomar farko, ya tauna kamar alƙali, ya ce, "Ya yi." Sannan ta sa hannu. Nakan ce mata, "Gwaggo, ran da ya ce bai yi ba fa?" Ta ce ranar sai ya tashi ya dafa da kansa.

To, ranar ta zo, amma ba ta wannan hanyar ba. Gwaggo ta faɗi a banɗaki da safe. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Da aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce a rage mai da gishiri, a bar dunƙule, a bar kayan gwangwani, a bar duk abin da ke zuwa a leda an gama haɗa shi. Autarsu malamar makaranta ce a wani gari mai nisa. Ta zo ta kwashe abin da ke cikin kabad tas, ta ɗaura cokalin shayi a wuyan kwalbar mai da zare.

"Baba, ɗaya," in ji ta. "Ba ɗaya da ɗan ƙari ba."

Ya juya cokalin a hannu yana dubawa. "Wannan ai na ba jariri magani ne."

"Shi ɗin dai."

Miyarsa ta farko ƙauri ya isa har barandar. Na leƙa kicin na same shi tsaye a kan 'yar tukunya, hannu a ƙugu, hayaƙi na tashi. Na ce, "Baba, me kake jira?" Ya ce yana jiran mai ya taso. Wane mai, don Allah? Cokali ɗaya ne zai taso? Sabo turken wawa. Sai da ya ƙone tukwane da yawa kafin ya yarda kiɗa ya canja.

Amma a ba shi haƙƙinsa, ya koya. Ya fara gasa tumatir da tattasai a busasshen kasko har fatarsu ta yi baƙi, ya saɓe ya niƙa. Albasa kuwa ya rage mata wuta ya rufe, yana yayyafa ruwa in ta nemi kamawa, har ta yi laushi ta fitar da zaƙinta. Ƙashi ya tafasa shi tun safe, romon ya maye gurbin dunƙule. Tafarnuwa da citta a turmi, lemun tsami a ƙarshe bayan an sauke. Kifi ya daina soyawa, sai ya kwantar da shi a kan miyar tururi ya dafa. Nunar miya ma ya samo wata alama: ya ja cokali a gindin tukunya, in hanyar ta tsaya ba ta rufe da wuri ba, ta yi. Na ɗanɗana sau da yawa. Ni ba mai yabon girkin maza ba ce, amma wallahi abincin ya yi daɗi.

Gwaggo ce ba ta ci. Zai shigo da faranti, tawul a kafaɗa, ya tsaya a kanta kamar yana bakin tagar masaƙa, ya miƙa cokali. Ta dube shi, ta dubi farantin, ta juya fuska bango. In ya matsa ta karɓi kaɗan don kada ya yi fushi. Shi kuma nasa daban yake dafawa, da mai yadda ya saba, daga wata 'yar jarka da ya ɓoye a bayan buhun shinkafa. A kicin yake ci a tsaye, ƙofa a rufe, wai don kada ta gani ranta ya biya. A ganinsa tausayi ne.

Ta yi ta ramewa. Awarwaronta da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Auta ta gani a waya, ta ce in ta zo hutu ta tarar da uwarta haka, da ita za ta koma. Gidan Auta kuwa ɗaki biyu ne a saman bene, ga miji ga yara, babu wurin Baba. Bai yi musu ba. Ya ƙara citta, ya rage citta, ya canja kifi, ya gwada kaza. Wata rana ya zauna a bencin da ke gefen kekena ya ce, "'Yar nan, na ciyar da mutanen da ban san sunansu ba har na tsufa, ga mutum ɗaya ta gagare ni. Tsoro nake ji." Na ci gaba da ɗinki.

Hutu ya zo, Auta ta zo da akwati babu komai a ciki. Ta kira ni in taya ta ninke kayan Gwaggo. Muna cikin yi Baba ya shigo da farantin rana, shinkafa da miyar kifi, ya miƙa cokali, Gwaggo ta juya bango. Auta da ma a cike take.

"Baba, ka bar wahalar da ita. Abu lami haka, ko kai za ka iya ci?"

Kai, a zagi Baba Ludayi ya haƙura, amma ban da a ce wa miyarsa lami. Ya cire tawul ya jefar, ya zauna a bakin gadon, abin da ban ga ya yi da faranti a hannu ba tun da ta kwanta. Ya cika cokali ya kai bakinsa, yana hararar 'yarsa. Ya tauna, ya haɗiye.

"Ya yi," in ji shi.

Gwaggo ta juyo. Ta zaro hannunta mai lafiya daga cikin zane, ta ture cokalin, ta sa yatsu a farantin ta gefenta. Rabin lomar ya zube a ƙirjinta. Ta sake ɗiba.

Auta ta zauna a kan akwatin ta rufe baki da mayafi. Baba ya ajiye cokali shi ma ya sa hannu, yana tura mata tsokar kifi ɓangarenta, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Sai da suka kusa cinyewa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ashe ni take jira."

Auta ta koma da akwatinta yadda ta zo da shi. Washegari ya fito da 'yar jarkar nan ya dire a gaban kekena, ya ce in yi abin da na ga dama da ita. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan yanzu. Har yau yana ƙorafi, wai an mai da babban kuku mai auna maganin jarirai, wai miya ba mai kamar fuska ba wanki. Yana gama mitar zai kwance cokalin daga wuyan kwalba, ya cika shi daidai baki, in ya ɗan zarce ya mayar. Da yamma ina jin sa ta ƙofa, yana jan kujera kusa da gadon.