Jinin Baffa a Kasko

Gidan da aka kai ni aure a unguwar Dilimi ta Jos gidan masu jini ne. Su suke faɗa da bakinsu, ba ni na laƙaba musu ba. In yaro ya yi ƙiba, jinin gidan ne. In ya yi rashin kunya, na uwarsa ne ya rinjaya. Baffan mijina, wanda ya zama babba tun rasuwar surukina, ba ya tashi daga hira sai ya tuna wa jama'a cewa iyayensu daga Kano suka hawo dutsen nan tun farkon haƙar kuza, kuma jininsu bai taɓa gauraya da na kowa ba. Ni da aka ɗauko daga wani gida sai in yi ta mamakin inda suke samo 'ya'ya.

Wannan jini mai daraja kuwa na fi kowa saninsa, don ni nake zubar da shi. Da zarar Baffa ya ji wuyansa ya yi nauyi, ko ya ci tuwo ya wuce kima, sai ya aika a kira wanzami. Mazan gidan su jeru a zaure, su tuɓe riguna duk da sanyin Jos. Wanzami ya kafa ƙaho a gadon baya, ya tsotsa, ya cire, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar ya sake tsotsa. Abin da ya taru sai a juye a kasko mai yashi. Baffa ya leƙa, ya ga ya yi baƙi ya daskare kamar hanta, ya girgiza kai ya ce mataccen jini ne, da an bar shi da ya halaka shi. Ni dai na san ko na kaza aka bari a faranti haka yake yi, amma wa ya tambaye ni? Nawa aikin a miƙo mini kaskon ta ƙofar tsakar gida, in kai bayan ɗaki, in tona rami.

Akwai wata mata Kirista da take kawo mana itace daga Anguwan Rukuba. Doguwa ce, ta girme ni, tana ɗaukar damin da namiji zai yi nishi kafin ya ɗaga. Mun saba sosai. In ta sauke kaya sai ta zauna ta taya ni tsinar shinkafa, muna gulmar mutanen gari. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Abu ɗaya ne ba a yarda ba, wato ta sha ruwa a moɗar gidan. Baffa ya sa an rataye mata wani gwangwani a ƙusa bakin zaure. Abin yana ƙona mini rai, ita kuwa takan yi dariya ta ce ko banza ita kaɗai ce mai kofinta a gidan nan.

Mijina direban motar kuza ne. Wata damina, ana gab da samun mulkin kai, wayar ƙarfen da ake ɗaure kaya ta tsinke ta tsarge shi a cinya. Kafin a kai shi asibiti ya zubar da jini ba kaɗan ba. Labari ya iso da hantsi, ina da tsohon ciki, mai itace ta sauke daminta ke nan. Ita ta riƙe ni har asibiti. Baffa da wan mijina da ƙannensa suka shige gaba da manyan riguna, kai ka ce ɗaurin aure za su.

Ban gane mijina ba da farko. An ɗinke ciwon, amma leɓensa ya yi fari, tafin hannunsa kamar an wanke da toka, sai haki yake yi. Na tambayi nas ɗin da ke kansa, wani Bayarabe mai haƙuri, me ya sa yake haki alhali ga iska ta cika ɗakin. Sai ya ɗauko wata siririyar kwalba ya ɗaga mini. Jini ne a ciki ya kwanta, ja a ƙasa, a sama wani ruwa mai kalar man gyaɗa. Ya ce abin da muke gani ja ɗin nan ba abu ɗaya ba ne. Ruwan shi ke yawo da abincin da muka ci. Jan kuwa ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, su ke ɗaukar iskar da aka shaƙa su kai wa kowace gaɓa. Akwai farare masu faɗa da cuta, akwai masu toshe bakin ciwo, su ke sa jini ya daskare in ya fito. Da ya ji sana'ar mijina sai ya ce kaya na nan jibge a tasha, motocin ne suka ƙare. Jiki zai ƙera sababbi, amma ba yau ba, shi kuwa yau yake bukata. Sai an ƙara masa na wani.

Baffa ya gyara tsayuwa ya ce ai an zo wurin, ga 'yan uwansa na jini reras. Nas ya ce ba a nan take ba. Jini iri-iri ne, in aka sa wa mutum wanda bai dace da nasa ba sai ya dunƙule a jijiya, kuma wa da ƙane ma sukan bambanta. Don haka za a soki yatsan kowa a gwada. Ni na fara miƙa hannu, ya dubi cikina ya ce in koma in zauna.

Daga nan gidan masu jini ya fara tsiyaya. Wan mijina ya ce bari ya kama ruwa, ban sake ganinsa ba sai washegari. Ɗaya daga ƙannen ya tuna cewa yana azumin nafila, alhali ni na zuba masa koko da safe. Aka gwada ƙaramin cikinsu bai dace ba, ya yi hamdala da ƙarfi har ya ji kunya. Baffa ya miƙa yatsa yana kallon rufi, aka soka, aka gwada, aka ce nasa ya dace. Ya yi murmushi ya ce dama ya sani. Sai aka kawo kwalbar da za a cika.

Ya dubi kwalbar nan ya daɗe. Sannan ya fara wa'azi. Ya ce jini amana ne. Ya ce wanda allura ta zuƙe ba ya dawowa, namiji sai ya zama sauna a gidansa. Ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa Turawa tara shi suke yi a kai ƙasarsu a jirgi. Nas ya ce gado da gado ne, zai ga inda za a kai da idonsa. Mijina ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Baffa." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Baffa ya ce rai a hannun Allah yake, ya soma jan carbi. Ban taɓa tsanar mutum irin ta wannan rana ba, kuma na durƙusa masa duk da haka, da cikina da komai.

Mai itace ce ta ɗaga ni. Ta ce, "Tashi. Mijinka zai mutu kana roƙon tsoho? Oga, gwada nawa."

Aka gwada, ya dace. Ta kwanta ta miƙa hannu tana tambaya ko za a gama kafin kasuwa ta watse. Na zauna ina kallon jininta yana sauka a kwalba, ja wur, ba ka bambanta shi da wanda nake binnewa. Aka rataye kwalbar a kan mijina. Kafin la'asar hakin ya lafa, leɓensa ya fara yin kala. Ita kuwa ta sha shayin da aka ba ta, ta ɗaura gammonta a ƙugu ta tafi.

Da aka sallamo mijina, yana takawa da sanda, iska ma tana iya tura shi. Ranar da mai itace ta dawo na cire gwangwanin daga ƙusa na ba kaji, na ɗebo mata ruwa a moɗar mijina. Baffa ya gani ya kau da kai, na ɗauka kunya ce ta kama shi. Ashe shiri yake yi. Wata safiya na jiyo ƙarar wasa aska a zaure. Na leƙa, sai ga mijina an zaunar da shi a tabarma ba riga, haƙarƙarinsa a waje, wanzami yana jera ƙahoni. Baffa yana bayani cewa dole a zuƙe baƙon jinin nan tun bai saba da jiki ba, kada ya bi zuriya. Mijina ya sunkuyar da kai, don a gidan ba a musu da Baffa.

Ban taɓa shiga zauren nan da maza a ciki ba. Ranar na shiga, ko mayafi ban tsaya nema ba, na tsaya tsakanin mijina da aska.

Na ce, "Baffa, naka aka fara nema. Da ka ba shi, da ba a sa nata ba. Wanda ke jikinsa shi ya tashe shi, kuma ɗigo ɗaya ba zai fita a zauren nan ba."

Na miƙa wa mijina rigarsa, ya karɓa ya sa, na kama hannunsa muka shige. Wanzami ya fara mayar da kayansa a zabira. Baffa ya ce ya dakata, ba a kiran mai sana'a a sallame shi haka, kuma dama tun jiya wuyansa yake masa nauyi saboda ɓacin rai. Ya tuɓe riga ya juya baya.

Can an jima aka miƙo mini kaskon ta ƙofar tsakar gida, kamar kullum. Ya yi nauyi ranar. Na tsaya na auna shi da ido, na ga in bai cika kwalbar asibitin nan ba, kaɗan zai rage. Na kai bayan ɗaki, ban tona rami ba, na kifar a ƙasa. Ƙudaje suka taru suka sha abin da mijina ya roƙa a bakin mutuwa bai samu ba.