'Yar Tsanar Kawu Masuji

Shekara arba'in Kawu Masuji, ƙanen mahaifiyata, ya yi yana ɗaukar hoto a garin Tsuyama na ƙasar Japan, bai taɓa kunna fitilar kyamara ba. Wai haskenta yana firgita waɗanda ke zaune a lungunan gida. Na ce su wa? Ya ce, "Shinpei, kai da makaranta ta kora, me za ka gane?"

Abin taƙamarsa wani idon kyamara ne mai faɗin bakin kofin shayi. In ya buɗe shi gaba ɗaya, hasken kyandir guda ya ishe shi. Sai dai a buɗen nan fuska ɗaya tak yake kamawa sosai, sauran su fito dishi-dishi. Kuma tun yana saurayi Kawu ya lura cewa wanda ya fito tangararan, shi ke riga sauran mutuwa.

Dama a wajenmu ba a ɗaukar hoton mutum uku sai an haɗa da 'yar tsana ta zama ta huɗu. Sai Kawu ya riƙa saita idon a kan fuskar 'yar tsanar. Tsofaffi sun ji daɗi, tamojinsu ya ɓace a dishi-dishin. Ita kuwa 'yar tsana, sau tara yana sauya ta. Duk fuskar ce ke tsagewa.

Ranar cikar kakanmu shekara shida da rasuwa, aka taru a tsohon gida, ana ruwa, ɗaki ya yi duhu tun azahar. Ni kuma da safe, don neman magana, na zare 'yar tsanar daga jakar Kawu na bar ta a shagonsa, na naɗe ƙaton dankali a tawul na cusa.

Yayyen Kawu uku suka jeru a tabarma: Inna Toyoko, Inna Sumie, da mahaifiyata. Kawu ya kwance tawul, ya daɗe yana kallon dankalin. Ni kaɗai na yi dariya, ita ma ba ta yi nisa ba.

"Yaya, a bari sai gobe," in ji shi.

"Wace gobe? Jirgina ƙarfe huɗu ne, kuma na gama zuwa garin nan," in ji Inna Toyoko. "Saita a kaina, auta. Gwiwar nan ta ishe ni."

"Ke? Ko mutuwa sai kin riga mu, don dai a ce ke ce babba," in ji Inna Sumie.

Mahaifiyata ta rufe baki da hannu. Tari take yi tun lokacin kaka, kowa ya sani.

Bayansu akwai dogon madubin kakarmu, an lulluɓe shi da ƙyalle. Kawu ya je ya yaye shi, wai don ƙarin haske. Ya dawo ya sa ido a kyamara, yana murza idon a hankali, ya wuce inda ya saba tsayawa.

"Kai mai dankali, matsa baya," ya ce. "Ƙara. Har bango."

Ƙyat.

Da hoton ya fito, yayyen uku kamar hayaƙi, ni can ƙurya kamar tabon miya. A cikin madubi kuwa ga Kawu, ana iya ƙirga gashin girarsa.

Kafin ƙanƙara ta narke muka kai Kawu makwancinsa. Mahaifiyata ta daina tari. Jakar ni ya bar wa, 'yar tsana na ciki, fuskarta sumul, ko ɗigon tsaga babu.