Ranar da Na Hana Amaryata Gishiri

Shekarun baya, lokacin da arzikin mai ya sa kowane ma'aikaci mafarkin sabon babur, ina ango a gidanmu na unguwar Shamaki, kaina cike da littattafan soyayya da nake saye a tashar Bolari. Sai gudawa ta kama amaryata. Cikin kwana biyu idanunta suka faɗa.

Yayata, wadda muke kira Adda, tana koyon aikin jinya. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce in riƙa ba ta, ta wuce aiki. Na ɗanɗana, na ji kamar hawaye. Na ce bakin da nake rubuta wa waƙa ba zai sha hawaye ba. Na zubar, na dama sukari zalla, har da ƙari.

Da la'asar Adda ta tarar jikin ya tsananta. Ta kurɓi ruwan, ta harare ni.

"Kai, ina gishirin?"

"Adda, tausayinta na ji."

"Shayi ta ce maka tana so?"

Tana haɗa sabo tana faɗa. "A bangon ƙwayoyin hanji akwai wasu sunadarai, kamar zauren gidan nan suke, ƙofa waje, ƙofa ciki, ba sa buɗewa lokaci guda. Gishiri ya shiga ya zauna, sukari ya iske shi, sai ta waje ta rufe, ta ciki ta buɗe, ruwa ya biyo su zuwa jini. Dangin sunadaran nan ma suna nan a ƙoda. Amma sukarinka, da ya rasa abokin shiga, sai ya zauna a hanji yana janyo ruwan jikinta."

Na ce, "Ashe ma'aurata ne."

"Riƙe cokali, malam mawaƙi!"

Na riƙe, ina ba ta kaɗan-kaɗan. Washegari da hantsi ta buɗe ido sosai ta ce kunu take so.

Har yau in na tuna, gabana kan faɗi, domin saura ƙiris ƙaunata ta kashe ta. Tun daga nan na daina gyara maganar masu sani don kawai zuciyata ta yi laushi. Bayan mun yi jikoki na tambaye ta ko ta lura zaƙin ya yi yawa a ranar. Ta ce, "Na lura mana, har tashin zuciya yake sa ni. Amma na ga yadda kake kallona, sai na shanye."