Ganyen Waken Babana

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato lokacin da waken babana ya lalace a Jabo. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ja, gefensa ya nannaɗe, cikin 'yan kwanaki gonar ta koma kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Haka gonakin maƙwabtanmu.

Kafin in iso gida an riga an sami mai laifi. Akwai wani dattijo Bafulatani da yakan taho da shanunsa daga wajen Fakku ya sauka bayan gonarmu. Tun ina yarinya nake shan nonon gidansa. Wani ya ce ya ga ana fesa wa shanunsa maganin kaska, iska ta kwaso ta zuba a kan wake. Shi ke nan, magana ta zauna.

Na tambayi Baba ko ya yi feshi. Ya ce ya yi, da maganin ƙwari da shi da maƙwabta suka sayo a wurin mutum guda a kasuwar Tambuwal. Na tsinki ganyenmu, na tsinki na wata gonar da ba a fesa ba, na ɗebi ragowar maganin a kwalba, na koma makaranta.

A sashenmu akwai na'urar da ke duba fatar ganye da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Ana danne ganyen a kan wani ɗan gilashi, hasken ya taɓa samansa, kwamfuta ta zana layi mai hawa da sauka. Kowane abu da irin zanensa. Sai dai ɗalibai sun yi yawa, wuta kuma sai ta ga dama, na daɗe ina jiran layi. Ranar da layi ya zo kaina, malamata ta tsaya muka duba tare. Lafiyayyen ganye yana da siririn kaki da ke hana shi bushewa. A namu kakin ya zagwanye, abin da ya maƙale a kai kuma zanensa ɗaya da na kwalbar. Kananzir ne da baƙin mai aka gauraya. Mun gwada maganin kaska, ko kusa bai yi ba.

Da na dawo gida, rugar Bafulatanin babu kowa. Samari sun kore su, sun tumɓuke bukkokin. Na zaunar da Baba na yi masa bayani, yana ta kallon ƙasa.

"Ni ma na san ba shi na ba," in ji shi. "Amma gari duk ya taso, mi nika iya yi?"

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Na yi kwanaki ban iya haɗa ido da shi ba.

Na je wurin mai maganin na gaya masa abin da muka gano. Ya saurare ni yana sallamar masu saye, ya ce, "Ɗiyata, yadda anka kawo min, haka nika saidawa." Dattawan gari kuma suka ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Ko ɗaya bai ce a nemi gafarar Bafulatanin ba.

Na hau babur har Fakku. Wani ɗan'uwansa ya ce sun yi kudu da shanu. Na roƙe shi ya gaya masa an gano ba laifinsa ba ne. Ban san ko saƙon ya isa ba. Mai maganin kuwa yana nan kasuwa, bara ma ya ƙara shago.