Wasiƙar da Ba Ta Bugawa

Shagonta bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin matakalar wani bene da ke kallon ƙofar kotu. Tafiretar da ta fara aiki da ita ta daɗe da mutuwa, kwamfuta ce yanzu a gabanta, amma sunan ya manne mata: Anti Tafireta. Shekara ashirin da biyu tana buga wa mutane takardun rantsuwa da na sauya suna. Ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa cewa tana da ita ba. Abin da take da shi yatsu ne, da idon da ba ya barin kuskure ya wuce.

Wasiƙa ɗaya ce ba ta bugawa ko za a zube mata duniya. Idan aka kama mutum da tabar wiwi, 'yan gidansu kan ruɗe, sai wani ya ce a rubuta wa hukuma cewa ya yi kuskure, ba zai sake ba, a tausaya masa. Wai ladabi ke nan. Mai koya musu wannan ladabin wani ɗan kamasho ne da ke yini a gindin bishiyar ƙofar kotu da tsohuwar jaka a hammata. Lauyan Bishiya ake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin lauyoyi ko ta taga ba. Rabin masu shigowa shagon Anti shi ke turo su.

Wata Talata da hantsi ya shigo da wani dattijo kafinta, garin katako har a girarsa. An kama ɗansa da ƙulli biyu na wiwi a aljihu, jibi za a kai shi kotu.

"Anti, buga masa irin waccan," in ji Lauyan Bishiya. "A sa kalmomi masu taushi."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta tura wa dattijon kujera.

"Baba, ɗanka ya sa hannu a wata takarda?"

"Bai sa ba tukuna, 'yata. An ce in kai wannan ya sa."

"To kada ya sa. Bayan gidan waya akwai ofishin lauyoyi masu taimakon marasa hali, hawa na biyu, ƙofa mai koren fenti. Ba a biyan ko sisi. Su za su gaya maka abin da doka ta ce, ba ni ba, ba kuma wannan ba. Ya daɗe yana sha?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Tun da ya faɗo daga rufin gini. Ya ce bayansa ba ya barinsa ya zauna."

"To da likita a maganar. A babban asibiti akwai ɗakin da ake duba masu shaye-shaye, ba sa kai ƙarar kowa. Ka gaya wa lauyan zancen bayan nan, shi ya san yadda zai nemi likita ya duba shi."

Lauyan Bishiya ya buga jakarsa a tebur. "Ke lauya ce? Aikinki bugawa! Wallahi daga yau ko mutum ɗaya ba zan ƙara turo miki ba."

"Ka tura su gindin bishiya, ka buga musu da baki."

"Sai yunwa ta kore ki daga ramin nan!"

"Ta zo. Ta san hanya, ba yau ta fara ba."

Ta san da gaske yake, kuma ta san yadda shago ke zama idan ƙafa ta ɗauke. Amma ta zare wayar kwamfuta, ta ja ƙofa ta datse da kwaɗo tun da hantsi, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar da haƙori ya kumbura mata kunci. Ta sa dattijon a gaba.

Sun wuce gidan waya yana ta waiwaye, har yanzu zuciyarsa na wurin wasiƙar. A gindin matakalar ofishin ya tsaya.

"'Yata, neman afuwa ai ba laifi ba ne. Me zai hana a gwada?"

Ta dubi yatsunta.

"Na taɓa gwadawa, Baba. Ƙanena direba ne, ƙulli ɗaya aka samu a motarsa. Ni na buga masa wasiƙar, sau huɗu ina sakewa don kada a ga kuskure ko ɗaya. A kotu mai gabatar da ƙara ya ɗaga ta sama ya karanta, ya ce ga shi ya amsa laifinsa da hannunsa. Shekara uku ya yi. Ofishin nan yana nan a lokacin, ban san da shi ba."

Dattijon ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, tana biye da shi har koren ƙofar. Ita ta ƙwanƙwasa.