Rawanin Mabkhut

Allah ya jiƙan Mabkhut. Shekara arba'in muna tare a bakin tekun garinmu Taƙa, ban taɓa ganin shayinsa ya ƙare yana zaune ba.

Shi ne jagoran masu jan tarunmu, mutum ashirin. Sauran jagorori tsuntsaye suke kallo su gane inda kifin sardin yake. Shi kuwa rawaninsa yake warewa, ya tace ruwan teku da shi, ya ɗaga wa rana. In ya ga ƙananan ƙwarin nan jajaye suna tsalle a kan zaren, ƙanana kamar ƙwayar gishiri, sai ya ce, "Abincin ya sauka, masu ci na hanya."

"Mai wankin rawani!" in ji Suhail, ƙanin matarsa. "Yaya, ba sabulu a gida ne?"

"Kai dai ja igiya, da tumbinka kamar buhun dabino."

Bara damina ta wuce, rawani ya yi ta fitowa da koren yauƙi mai wari, ba ƙwaro ko ɗaya. Mutane suka ce za su tafi birnin Salala neman aiki. Taru kuwa ba ya jawuwa da mutum biyar, in sun watse shi ke nan. Mabkhut ya roƙe su su ba shi kwana goma.

Ya dinga zirga-zirga daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya tsoma, ya matse, ya yi tsaki, ya ƙara gaba. Abinci ma a tsaye. Rana ta bakwai ciwon ƙirji ya kayar da shi a kan yashi.

Kwanciyar ma ba ta hana shi ba. Safe da la'asar Suhail ke kawo masa bokitin ruwan teku har kan tabarma. Rana ta tara Mabkhut ya tace, ya daɗe yana kallo.

"Suhail, idona ne, ko motsi suke?"

"Wallahi motsi suke, Yaya."

"To uban me kake yi a nan? Je ka tsare su, kada su hau mota!"

Ba su hau ba. Bayan kwana huɗu sardin ya cika gaɓa, kwana biyu da binne Mabkhut. Mu ashirin muka ja, ba mai kallon wani.

Rawanin yana wurin Suhail. Kullum sai ya tsoma shi a teku, kuma ba mai yi masa dariya.